Ƙafar da Ta Daɗe Tana Ciwo: A Duba Ta Tun da Rani

 Hatsi ya shiga rumbu, an tara kara da harawa, masu cin rani sun kama hanya. Yanzu ne mutum yake samun ɗan sarari ya zauna ya dubi jikinsa. A wannan wata muna so mu yi magana a kan ƙafa.

Kowa ya san aikin ƙafa a gona. Ranar shuka mai sungumi yana gaba yana sara, mai zuba iri yana biye da shi, da dunduniya yake rufe rami. Makiyayin da ya gangaro da dabbobi daga Damargu zuwa kudu, da ƙafa ya zo. Matar da ke zuwa rijiya sau huɗu a rana da tulu a ka, ƙafa ce ta ɗauke ta, ita da tulun. Amma in ƙafa ta fara ciwo, ita ce ake bari daga baya. A ce gajiya ce. A ce sanyi ne. A ɗaure ta da tsumma a ci gaba da aiki. Wata ya wuce, shekara ta wuce, ana ɗingishi.

Ciwon ƙafa ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda mutum zai iya yi wa magani a gida. Akwai wanda in aka yi sakaci da shi, ƙarshensa sai an yanke ƙafar. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, yawan zafi ba shi ke nuna girman ciwo ba. Sau da yawa mai zafin nan shi ne mai sauƙi, wanda kuwa ba ya zafi da fari shi ne mugun.

Wa ya tuna da kurkunu?

Manya sun tuna. A ƙauyukan Mirriya, da damina ta sauka sai ka tarar da magidanta kwance a gindin bishiya, ƙafa a kumbure, ana naɗe tsutsa a jikin tsinke kaɗan-kaɗan. Tsutsar takan kai tsawon mita 1. Kafin ta gama fita sai a yi makonni, noman fari ya wuce, ciyawa ta cinye gona. A 1991, da aka bi ƙauyukan Nijar ana ƙirga, an samu masu kurkunu fiye da 30,000, kuma jihar Zinder tana cikin inda ciwon ya fi yawa.

A da mutane da yawa sun ɗauka kurkunu a cikin jinin mutum yake, ba makawa sai ya fito. Daga baya aka gane daga ruwan tabki yake. Mutum ya sha bana, tsutsa ta fito baɗi. Aka raba ƙyallen tace ruwa, aka haƙa rijiyoyi da famfuna, aka hana mai kurkunu shiga tabki. Mutum na ƙarshe da ya kamu da shi a cikin Nijar, a 2008 ne. A watan Disamba na 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da kurkunu.

Mun kawo wannan labari ne don a ga cewa ciwon ƙafa yana da sanadi. In an gano sanadin, ana samun hanya.

Ciwon dunduniya da sassafe

Ga yadda yake. Ka tashi da asuba, ka taka ƙasa, sai ka ji kamar an soka maka ƙusa a ƙarƙashin dunduniya. In ka yi ƴan taku sai ya lafa. In ka zauna hira ka miƙe, sai ya dawo. Da marece bayan doguwar tafiya ya ƙara tashi. Ba kumburi, ba rauni, ba zazzaɓi.

A tafin ƙafa akwai wata jijiya mai faɗi da ƙarfi, ta taso daga dunduniya zuwa gindin yatsu, kamar tsarkiyar baka. Yawan tafiya a kan ƙasa mai tauri, da doguwar tsayuwa, da ɗaukar kaya mai nauyi, da ƙiba, su ke gajiyar da ita a daidai inda ta kama ƙashin dunduniya. Ciwon yana da naci, amma ba ya cin ƙafa. Yawancin masu shi suna warkewa cikin watanni, wasu sai sun kai shekara.

Maganinsa haƙuri ne da ɗan aiki kullum. Kafin ka sauko daga shimfiɗa, ka miƙe ƙafa, ka kama yatsun ka jawo su wajenka har ka ji tafin ƙafa ya ɗame. Ka ƙirga zuwa 20, ka saki, ka sake sau 5. Da rana ka dafa bango da hannu biyu, ka mayar da ƙafa mai ciwon baya, dunduniya a ƙasa, ka karkata gaba har ka ji agara ta ja. Da dare, in kana zaune, ka sa kwalba ko guntun taɓarya a ƙarƙashin tafin ƙafa kana murzawa gaba da baya. Ka daina yawo ba takalmi. Ka kai wa baduku takalminka ya sa maka soso ko roba mai taushi a wajen dunduniya. Dukawan Zinder sun iya wannan, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. In da jaki ko amalanke, a bar masu dakon kaya na ɗan lokaci.

Tsaga da sakiya ba sa kai wa ga wannan jijiya. Abin da suke bari shi ne rauni a wurin da mutum yake takawa kullum. In an yi wata 2 ko 3 ana wannan ƙoƙari babu sauƙi, a je gidan likita.

Faso da ƙaya

Da hunturu kowa ya san kaushi da faso. A jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi da dare, a goge kaushin da dutse a hankali, a tsane, a shafa man kaɗanya ko basilin, a sa safa a kwana. Kada a yanke kaushi da reza. Kada a zuba baƙin mai na mota ko garin batir a cikin tsagar. Ba don kyan gani muke faɗin wannan ba. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Fatar ƙafa ita ce bangon.

Ƙaya kuwa ita ke huda bangon da kanta. Ƙasarmu ƙasar ƙaya ce: gawo a gonakin Magarya da Matamai, aduwa, bagaruwa, kandili, farar ƙaya, ga ƙarangiya da tsidau a ko'ina. Shingen gona na ƙaya ne, garken dabbobi ma haka. Ba manomi ko makiyayin da bai taɓa taka ƙaya ba, shi ya sa aka raina ta.

In ka taka ƙaya, ka cire ta a ranar, da hantsaki ko allurar da aka tafasa cikin ruwa. Ka tabbata ba ta karye a ciki ba. Ka wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ka rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a sa kashin shanu, ko ƙasa, ko toka. Cikin ƙasa da kashin dabbobi ne ƙwayar ciwon sarƙewar haƙora take, wanda likitoci ke kira tetanos, kuma yana kisa. Akwai allurar rigakafinsa a gidan likita. Wanda ƙaya ko ƙusa ta shige shi da zurfi, ya je ya nemi a yi masa.

Kumburi mai tsaba

A nan muke so mai karatu ya natsu, in da hali ya karanta wa na kusa da shi da ƙarfi.

Akwai wani ciwo da likitoci ke kira misetom. Mu bari mu ce da shi kumburi mai tsaba, don tsabar ita ce alamarsa. Ƙwayoyin da ke kawo shi a cikin ƙasa suke zaune da jikin itatuwa. Ƙaya ko tsinke ko tsagar faso ke shigar da su ƙarƙashin fata. Ya fi kama samari da magidanta masu ƙarfi a jika, manoma da makiyaya da masu saran itace, waɗanda ke shiga daji ba takalmin kirki. Yana cikin ƙasashe masu zafi da ƙarancin ruwan sama, tun daga Senegal, Mali, Nijar, Chadi har Sudan, da Indiya da Meksiko.

Yadda yake farawa shi ke yaudarar mutane. Ɗan kulluntu ne mai tauri a bayan ƙafa, ko a tafi, ko tsakanin yatsu. Ba ya zafi. Mutum ya ma manta da ƙayar da ta soke shi. Watanni su wuce, wani lokaci shekaru, yana girma a hankali. Daga nan sai ya ɓula ƴan ƙananan ƙofofi, ruwa ko mugunya na fita, tare da wasu ƴan tsaba kamar yashi ko kamar tsabar riɗi. Wasu baƙaƙe ne, wasu jajaye, wasu farare ko ruwan ɗorawa. Ƙofa ɗaya ta rufe, wata ta buɗe. Sai a ce ai maruru ne, ko a ce sammu ne, an taka wani abu. A ciki kuwa ciwon yana bin nama har ya kai ƙashi. Sa'ad da zafi na gaske ya zo, sau da yawa ya riga ya ci ƙashin.

Ba sabon ciwo ba ne a ƙasarmu. A 1988 wasu likitoci suka buga abin da suka gani a asibitoci 2 na Nijar: mutum 133 masu wannan ciwo, kuma a ƙafa ya fi fitowa. Sun kuma gano abin da ya kamata ya ƙarfafa mana gwiwa. Ciwon iri biyu ne, kuma wanda ya fi yawa a Nijar shi ne wanda ya fi jin magani.

Iri na farko ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi. Jar tsaba tana cikin wannan iri. Yana saurin yaɗuwa, amma ƙwayoyin magani na asibiti, wani lokaci haɗe da allurai, suna warkar da mafi yawan masu shi ba tare da an yanke kome ba. Sai dai ba maganin mako ɗaya ba ne. Watanni ake yi ana sha. Iri na biyu dangin funfuna ne, irin wadda ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu. Baƙar tsaba tasa ce. Shi ya fi taurin kai. Ana shan magani kusan shekara, kuma yawanci sai an haɗa da tiyata a cire kulluntun. In yana ƙarami, aikin ƙarami ne, mutum ya koma gonarsa da ƙafarsa. In ya ci ƙashi, a nan ne ake kai wa ga yanke ƙafa.

Maganin iri ɗaya ba ya yi wa ɗayan aiki. Shi ya sa sayen kafso a kasuwa hasarar kuɗi ce da lokaci. Sai likita ya ga tsabar, ya auna, wani lokaci ya ɗauki hoton ƙashi, kafin ya san wanda zai ba da. Irin wannan awo da tiyata, a babban asibitin ƙasa da ke Zinder ake neman su. Gidan likitan da ke kusa da kai shi zai rubuta maka takardar zuwa.

Abu biyu kuma. Ciwon nan ba ya tsallakawa daga mutum zuwa mutum. Babu dalilin ware wa mai shi ƙwarya ko tabarma. Na biyu, in ƙofofin suka bushe bayan wata 2 da fara magani, ba warkewa ke nan ba. Wanda ya daina shan magani da kansa, ciwon yakan dawo, kuma ya fi na farko wuyar magani. Likita ne zai ce a tsaya.

Duniya ta daɗe ba ta kula da wannan ciwo ba, don na talakawan karkara ne. Sai a 2016 OMS ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su. Mu da muke zaune cikin ƙaya, bai kamata mu jira kowa ba. Takalmi mai kaurin ƙasa, ko da na taya ne, ya fi tafiya haka nan. Mai shiga saran ƙaya ko sharar gona ya nemi ƙafa-ciki, don silifa ba ta kare bayan ƙafa. Yara masu kiwo su ne suka fi bukata, su ne kuma aka fi mantawa da su ranar kasuwa.

Ƙafar da ta daina ji

Wani kuma ƙafarsa zafi take kamar an zuba barkono, musamman da dare, ƙafa biyu gaba ɗaya. Ko ya ji kamar tururuwa na tafiya a ciki. Daga baya sai ta mutu, ya taka ƙaya bai sani ba, takalmi ya zame masa bai ji ba. In tare da haka akwai yawan ƙishirwa, da yawan fitsari da dare, da rama, a auna ciwon suga. Ɗigon jini ɗaya ne daga yatsa. Kada a ce suga ciwon masu kuɗin birni ne. Yana cikin ƙauye ma.

Kuturta ita ma tana kashe jin ƙafa. Alamarta ta farko tabo ne a fata, mai haske ko ja-ja, wanda in an taɓa shi da auduga mutum ba ya ji. Mutanen Zinder sun san tarihin unguwar Kara-Kara, inda a da ake ware masu wannan ciwo daga sauran jama'a. Wancan zamani ba magani. Yanzu akwai shi, kuma tun 1995 kyauta ake ba da shi ta hannun OMS. Wata 6 ne ko wata 12. Wanda ya fara sha ba ya ƙara sa wa kowa. Wanda ya zo da wuri ba ya rasa yatsa ko ɗaya, don ba ciwon ne ke cinye yatsu kai tsaye ba. Raunuka ne da ƙuna da mutum ba ya ji, suke ruɓewa. Asibitin Danja kusa da Maraɗi ya daɗe yana kula da masu irin waɗannan raunuka.

Mai irin wannan ƙafa, ko suga ce ko kuturta, idonsa ne zai yi masa aikin da jin zafi ya daina yi. Kowane dare ya wanke ƙafa, ya duba tafi da tsakanin yatsu da fitila. In ba ya gani sosai, ɗansa ko matarsa su duba masa. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. Kada ya taka yashin rana ba takalmi. Kada ya miƙa ƙafa kusa da wuta da ɗari, kuma ya fara taɓa ruwan ɗumi da gwiwar hannu kafin ya tsoma ƙafa. Ƙaramin rauni a irin wannan ƙafa ba a kwana da shi biyu a gida.

Ƙwayoyin tebur

Mun san abin da ake yi. Gona na jira, ƙafa na ciwo, sai a aiki yaro wajen mai tallar magani ya sayo "na ƙarfi". Tramol yana danne zafi, amma yana kama mutum har ya kasa aiki sai da shi, yana kuma jawo farfaɗiya. Diklofenak da ibuprofen, in ana shan su kullum wata da watanni, suna cin ciki har ya yi jini, suna lalata ƙoda, balle ga mai aiki cikin rana ba ya shan ruwa sosai. In zafi ya matsa, parasetamol ya fi aminci: babban mutum ya sha ƙwaya 2 masu lamba 500, kada ya wuce sau 3 a rana. Shi ma rage zafi yake yi kawai. Ciwon da ke ƙarƙashi yana nan yana aikinsa.

Ranar zuwa gidan likita

Akwai alamun da ba a jiran ranar kasuwa da su. In ƙafa ta yi ja, ta yi zafi, kumburi na hawa sama, ga zazzaɓi. In rauni ya fara wari. In yatsa ya yi baƙi. In muƙamuƙi ya fara ƙagewa bayan an ji rauni, a nemi amalanke ko babur a ranar.

Sauran kuwa, ma'auninsu wata ɗaya ne. Kulluntu ko gyambo ko ciwon da ya wuce wata bai warke ba, a kai shi a gani. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: ka gaya wa ma'aikacin lafiya tun yaushe ya fara, ko ka taɓa taka ƙaya a wurin, da duk abin da ka sha ko ka shafa, har na gargajiya. Ka tafi da kwalayen magungunan da ka saya. In tsaba na fita, ka tara kaɗan a ƙyalle mai tsabta ka tafi da ita, ka kuma faɗi launinta. Ka riƙe takardar da aka ba ka, ka koma ranar da aka sa maka.

A yi lissafi da damina. Wanda aka yi wa ƙaramin aiki a ƙafa yana bukatar makonni kafin ya iya taka gona. In ya je a watan Janairu ko Fabrairu, akwai sauran hatsi a rumbu da za a sayar a yi kuɗin mota da na magani, hanya a bushe take, kuma yana da lokacin jinya kafin sharar gona. In ya bari sai watan Yuni, ga rumbu ya yi ƙasa, ga shuka ta zo, sai ya sake ɗaure ƙafar da tsumma ya ce sai bayan girbi.